Yadda ake kiwon shuɗin gizo-gizon Asiya mai rami a Maradi

Ranar da na shigo da robar gida, Inna ta leƙa ta ga ƙasa ce cike, babu abin da ke motsi. Ta ce, "Kai ɗan nan, yanzu kuma ƙasa ka koma kiwo?" Na ce mata gizo-gizo ne a ciki. Ta yi salati, ta ce ita dai tun da take sharar yana ta sani, ba ta taɓa jin an yi wa Gizo ɗaki ba, saura Ƙoƙi ta biyo shi da kayanta. An yi dariya aka watse, amma tambayarta ta farko tana kan hanya. Wanda ya ɗauki wannan kiwo, ƙasa zai fi kula da ita, domin dabbar da kyar zai riƙa ganinta. Masu kiwonta a ƙasashen waje ma tsokanar juna suke yi cewa rami kawai suke kiwo.

Dabbar da nake magana a kanta babban gizo-gizo ce mai gashi, daga dangin da ake kira tarantula. Asalinta dazuzzukan Miyanma da Tailan ne, inda ruwan sama ke da yawa, ƙasa kuma ba ta rabuwa da danshi. Masanin gizo-gizo Andrew Smith ne ya bayyana ta a 1996 da sunan Haplopelma lividum, daga baya aka mayar da ita cikin rukunin Cyriopagopus, don haka za ka tarar masu sayarwa suna amfani da sunayen biyu. Idan ta girma, buɗin ƙafafunta yakan kai wajen santimita 13. A inuwa baƙa ce wuluk, sai haske ya faɗa mata ka ga ƙafafun sun yi shuɗi mai sheƙi kamar sabuwar shadda da ta sha bugu. Wannan shuɗin ne ke jan mutane. Zan riƙa cewa "ita" saboda mace ake nema: macen takan yi shekara 15 ko fiye, shi kuwa namiji da ya balaga launinsa ya dusashe, ya bar rami ya shiga yawon neman mace, kuma da wuya ya daɗe bayan haka.

Mataki na farko: ka tambayi kanka ko kai ne mai wannan kiwo

Yawancin tarantula irin na Amurka suna da wani gashi mai ƙaiƙayi a bayan ciki da suke kaɗe wa abokin gaba. Na Asiya da na Afirka ba su da shi. Makaminsu gudu ne da cizo. Wannan kuwa a cikinsu ma ta yi suna wajen zafin rai. Idan ta ji an matsa mata, takan ɗaga ƙafafun gaba, ta buɗe fiƙoƙi, ta kai sara, wani lokaci sau biyu ko uku a jere. Gudunta kuma ya fi ƙiftawar ido. Cizonta yana kawo raɗaɗi mai tsanani, da kumburi, da ɗaurewar tsoka da kan iya ɗaukar kwanaki. Ba a tabbatar da cewa cizon tarantula ya taɓa kashe mutum ba, amma wannan ba dalilin wasa ba ne, kuma babu allurar karya dafinta kamar yadda ake da ta maciji.

Saboda haka ba a ɗaukarta a hannu. Ba yau ba, ba bayan shekara biyar ba. Ba ta sabo, ba ta san mai ita ba, ba ta san wanda ke ba ta abinci ba. Wanda ke son dabbar da zai shafa ya nemi zomo ko tantabara. Wanda ke son ya ɗora ta a kafaɗa ya ɗauki bidiyo don TikTok, shi zai sha cizo, ita kuma ta faɗo cikinta ya fashe, domin fatar cikinta ba ta da kauri, faɗuwa daga tsayin teburi ma tana iya kashe ta.

Sai kuma batun gida. Yawancinmu a gidan yawa muke, yara na shiga kowane ɗaki, kaji na yawo a tsakar gida. In ba ka da ɗakin da kai kaɗai ke riƙe da makullinsa, ka haƙura tukuna. Kuma ka faɗa wa maigida da matan gida gaskiyar abin da ka kawo. Ranar da aka gano ka ɓoye, ranar za a kai robar bola.

Mataki na biyu: samo ta

A kasuwar Maradi ba za ka same ta ba. Daga waje take zuwa, ta hannun masu kiwo, kuma kafin ka tura wa kowa kuɗi ka je wajen ma'aikatan gandun daji da ƴan duwan ka ji takardun da ake bukata don shigo da dabba mai rai. Wasu irin tarantula suna cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, kamar Brachypelma na Meziko da Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka, don haka sunan kimiyya na abin da ka saya ya kasance a rubuce.

Ka nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo. Manyan da ake sayarwa da araha galibi daga daji aka tono su, sun sha wahalar hanya, sun bushe, wasu da ƙwayoyin cuta a jiki, kuma babu wanda ya san shekarunsu. Ƴar mitsitsiya kuwa mai santimita ɗaya ko biyu, iskar hunturunmu tana iya busar da ita cikin yini guda. A ganina matashiya mai santimita biyar zuwa bakwai ita ce daidai da mu. Ka sa tafiyarta ta faɗo a Nuwamba ko farkon Disamba, lokacin da zafi ya sauka sanyi bai kankama ba. Kwalin da ya kwana a bayan mota a watan Afrilu gawa zai kawo maka.

Abin mamaki, a garin Sukun na ƙasar Kambodiya ƴan uwanta na kusa soya su ake yi da mai ana sayarwa a bakin hanya, kamar yadda muke yi da fara. Da na faɗa wa Inna haka ta ce to su ma Allah ya shirye su.

Mataki na uku: mazubi

Ba ka bukatar akwatin gilashi. Roba mai haske wadda ake ganin ciki, mai murfin da ke kamawa gam, ta wadatar. Zurfi ake nema, faɗi ba shi da wani amfani. Ga babba, roba mai tsayin wajen santimita 40 da faɗin 25 zuwa 30 ta yi. Ga matashiya, babbar robar alewa ko ta madara irin ta masu shago ta isa. Ka wanke ta da ruwa zalla ka shanya, kar ka yi amfani da wadda aka taɓa zuba fetur, ko maganin feshi, ko omo.

Ka ɗora ƙusa a wuta ta yi ja, ka huda ramuka a jikin robar ta sama, layi biyu a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, da wasu kaɗan a murfi. Kowane rami ya zama bai kai girman kanta ba, domin duk inda kai ya wuce, sauran jiki zai bi. Kar ka yi murfi da ragar waya irin ta taga: faratan ƙafarta suna maƙalewa a ciki ta yi ta lilo har ƙafa ta cire, kuma babba tana iya yaga raga da fiƙoƙinta. Ka ƙara wa murfin tsaro da igiyar roba ko ka ɗora masa dutse. Tana da ƙarfin ture murfin da aka aza kawai, kuma tana hawa roba da gilashi sumul.

Dabara ɗaya da ta sauƙaƙa mini: ka yanka ƙaramar ƙofa a murfin, daidai shigar gyare, ka toshe ta da marfin kwalba. Ta nan za ka riƙa jefa abinci ba tare da ka buɗe duka ba.

Mataki na huɗu: ƙasa

A nan kiwon yake gaba ɗaya. Mu a Maradi ruwan da muke samu a shekara bai wuce wajen milimita 500 ba, cikin wata huɗu, sauran watanni kuwa iska ce mai tsotse danshi daga komai. Dabbar da ta fito daga daji mai laima ba za ta rayu a iskar ɗakinka ba. Abin da zai raya ta shi ne iskar da ke can ƙasan raminta. Tana numfashi ne da wasu huhu guda huɗu masu shafi-shafi a ƙarƙashin cikinta, kuma ta nan ruwan jikinta ke saurin fita idan wuri ya bushe. In ka ba ta ƙasa mai zurfi da danshi, ita da kanta za ta sauka ta zaɓi inda ya yi mata.

Yashin jigawa shi kaɗai ba ya riƙe rami, rushewa yake yi. Laka zalla kuma in ta jiƙe ta zama taɓo, in ta bushe ta zama bulo. Tsakiya ake nema. Masu kiwo a waje suna amfani da garin ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule. In ka samu, ka haɗa shi da ƙasa, domin shi kaɗai yana saurin bushewa a wajenmu. In ba ka samu ba, ka nemo baƙar ƙasar fadama ta wajen Gulbi, amma daga inda ba a noma. Ƙasar lambun tumatir ko kabeji ko salati ta sha takin zamani da maganin ƙwari, kuma abin da ke kashe tsutsar kabeji shi zai kashe gizo-gizo. Ka guji kuma ƙasar da ke kusa da bola, ko turken dabbobi, ko gidan gara.

Ka tankaɗe ta, ka fitar da tsakuwa da ƙaya da gutsattsarin leda. Ka baza a kan kwano ko buhu ta sha ranar kwana uku, ko ka soya ta a tsohon kasko har ta yi zafi sosai, don ƙwan tururuwa da na gara su mutu. In ta huce, ka haɗa kashi uku na ƙasar fadama da kashi ɗaya na yashi mai tsabta, ka riƙa yayyafa ruwa kana cuɗawa. Gwajin da hannu ake yi: ka damƙi ƙasar ka matse. Ruwa ya ɗiga, ta jiƙe da yawa. Ka buɗe hannu ta wargaje, ta bushe. In ta tsaya a dunƙule kamar curin fura, kuma ka danna ta da yatsa ta fashe, to ta yi.

Ka zuba a robar kaɗan-kaɗan kana dannawa, har zurfin ya kai santimita 20 zuwa 30 ga babba, 12 zuwa 15 ga matashiya. Sararin da zai rage tsakanin ƙasa da murfi kar ya wuce tsayin buɗin ƙafafunta sosai, don in ta hau ta faɗo kar ta ji ciwo. Da ƙotar muciya ko sanda ka fara mata rami a kusurwa, a karkace, zurfin yatsa biyu ko uku, a jikin bangon robar. Ka liƙa baƙin kwali ta waje a wannan gefen. In ka yi sa'a za ta bi bangon tana tonawa, ka riƙa ɗaga kwalin kana leƙen ɗakinta, kafin ta gane ta lulluɓe wurin da yana. Ka watsa busassun ganye kaɗan a sama, za ta saƙa su a bakin ramin. Ka nutsa murfin kwalba mai faɗi a ɗaya kusurwar ka cika da ruwa. Ba a sa auduga ko soso a ciki, ƙazanta kawai suke tarawa.

Mataki na biyar: shigar da ita

Wannan da canjin mazubi su ne lokutan da ake shan cizo ko a yi asararta. Ka yi aikin a ƙasa, ba a kan teburi ba. Ka rufe ƙofa da taga, ka toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, ka kawar da takalma da tarkace. Ka ajiye sabuwar robar a cikin babban baho, don in ta fita ta samu bango na biyu. A gefenka a samu kofin roba mai haske, da kwali mai tauri, da dogon hantsaki mai kamar santimita 30, da siririn buroshi mai laushi. Yara su fita. Masu kallo ma su fita, domin ihun mutum ɗaya ya isa ya sa ka saki abin da ke hannunka.

Hanya mafi sauƙi ita ce kar ka fitar da ita da kanka. Ka kwantar da ƴar robar da ta zo a ciki a kan ƙasar, bakinta na fuskantar ramin da ka fara, ka zare murfin da hantsaki, ka rufe babbar robar. Cikin dare za ta fito, da safe ka ɗauke fankon. In ta kufce ta yi waje, kar ka bi ta da hannu. Gudunta na ɗan taƙi ne, takan ruga ta tsaya cak. In ta tsaya ka kifa mata kofi, ka zura kwali ta ƙasa a hankali.

Daga nan sai haƙuri. Tana iya yin kwanaki, har makonni, a takure a kusurwa ko a manne a bango kafin ta fara tono. Kar ka ba ta abinci a makon farko, kar ka riƙa ɗaga robar kana nuna wa abokai. Idanunta takwas ne amma ganinta kaɗan ne, da girgiza take sanin duniya, don haka kusa da rediyo ko injin markaɗe ko ƙofar da ake bugawa ba wurinta ba ne. Wata safiya za ka tashi ka ga tulin ƙasa a gefe da baƙin rami mai farar yana a baki. Ta karɓi gida ke nan.

Mataki na shida: bazara, damina, hunturu

Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 24 da 28. A Afrilu da Mayu mu kan wuce 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Wannan ne babban abokin gabarta a nan, ya fi komai. Kar ka dogara da na'urar sanyaya ɗaki kaɗai, wuta na iya ɗaukewa da tsakar rana, kuma na'urar tana busar da iska. Ka nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa in akwai, ka ajiye robar a ƙasa inda rana ba ta taɓa kaiwa. Ranar taga ta minti kaɗan tana iya dafa ta a cikin roba.

Abin da ya cece ni hikimar randa ce. Mohammed Bah Abba, wani malami a arewacin Najeriya, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya. Ita na ara. Ka samu babban kaskon ƙasa ko randa mai faɗin baki, ka nutsa ƙasan robar a ciki, ka cika tsakaninsu da yashi, ka riƙa jiƙa shi safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafi, kuma a busasshiyar iskarmu dabarar tana aiki ƙwarai. Ramukan iska su kasance a sama da yashin. Ka sayi ƙaramin ma'aunin zafi ka soka a yashin, kar ka tsaya ƙiyasi. Ba a sa ta a firiji, ba a zuba mata ruwan ƙanƙara.

Shayar da ƙasa ba da feshi ake yi ba. Feshi saman kawai yake jiƙawa, ya firgita ta, cikin awa ɗaya ya bushe. Ka zura siririn tiyo ko sanda a kusurwar da ke nesa da ramin, ka zuba ruwa ya gangara ƙasa. Ta jikin roba za ka ga launin: ƙasa ya zama duhu, sama ya ɗan yi haske. Ruwan famfo ka bar shi ya kwana a buɗe kafin ka zuba. Da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, za ka zuba sau da yawa, ka kuma toshe wasu ramukan iska da salatif. Daren Janairu yakan yi sanyi, amma in robar na cikin ɗaki rufe babu damuwa, sai dai cinta ya ragu. Da damina sai ka juya: ka buɗe ramuka duka, ka rage ruwa. Danshi da rashin iska su ke kawo fumfuna da ƙananan ƙwari farare. In ka ga raɓa ta kwanta a bango yini guda ba ta tafi ba, ko ƙasa ta fara tsami, iska ta yi kaɗan.

Mataki na bakwai: tururuwa da maganin sauro

Abubuwa biyu ne a gidajenmu da littattafan Turawa ba sa damuwa da su sosai. Na farko tururuwa da cinnaka. Suna jin warin ragowar abinci, su shiga ta ramukan iska, kuma gizo-gizon da ke cikin rami ba ta da mafita. In robar na kan ɗan benci, ka sa ƙafafunsa cikin gwangwanayen ruwa kamar yadda ake yi wa kwanon zuma, ka tabbata babu abin da ya haɗa shi da bango. In a kasko take, ka aza kaskon a cikin faranti mai ruwa.

Na biyu ya fi zafi, don da hannunmu muke yi. Maganin sauro na feshi, da na kunnawa mai hayaƙi, da garin kashe kyankyaso, duk guba ne gare ta. Gidan sauro mai magani ma kar ya taɓa robar, kuma in ka taɓa shi ka wanke hannu kafin ka taɓa kayan aikinta. Ni na taɓa yin asarar matashiya ta haka. Na yi tafiya Tasawa kwana biyu, ƙanwata ta ga ɗakin da sauro, ta yi mini gwaninta ta fesa magani ta rufe ƙofa. Da na dawo na tarar da ita a bakin rami tana karkarwa, ƙafafu na harɗewa, ba ta ƙara kwana biyu ba. Laifina ne, ban faɗa mata ba. Yanzu a ƙofar na rubuta da alli. Turaren wuta da hayaƙin taba ma a yi nesa da su.

Mataki na takwas: abinci

Mai rai take ci: gyare, kyankyaso, fara. Babba, gyare biyu ko uku ko babban kyankyaso ɗaya a kwana bakwai zuwa goma sha huɗu ya ishe ta. Matashiya sau ɗaya ko biyu a mako, kuma abincin kar ya fi cikinta girma. Da dare ake bayarwa. Ka jefa kusa da bakin rami ka rufe. In tana jin yunwa za ka ga wani abu ya fito ya koma kafin ka gane me ya faru. Ba ta haɗiye abu mai tauri: tana zuba wa abincin ruwan narkarwa ta tsotse, ta dunƙule ragowar ta fitar waje, sau da yawa ma cikin kwanon ruwanta take jefawa. Ka ɗauke da hantsaki. Abin da ya kwana ba a ci ba, ka fitar da shi.

Fara tana da yawa a wajenmu da kaka, amma farar gona ba ka san abin da aka fesa mata ba, kyankyason masai kuma ba ka san abin da ya ci ba. Gara ka yi kiwon abincin da kanka. Bokiti mai murfi da ramukan iska, da kwalin ƙwai a ciki, da dusa, da ɗan karas ko kabewa da aka wanke aka fere. Ka kamo gyare daga wurin da ba a feshi, ka sa musu ƙaramin kwano na jiƙaƙƙen yashi su yi ƙwai, ka ciyar da ita da ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe a hannunka. Kukansu da dare ne kawai za ka jure. Kar ka ba ta ɓera ko ƙadangare don burgewa, wari da ƙuda kawai za ka tara.

Ka riƙa duban cikinta in ta fito. Ya ɗan fi kanta girma, lafiya lau. Ya yi tamoji, ƙishi ne ko yunwa. Ya yi tulu, ka rage.

Mataki na tara: saɓa

Kamar maciji, sai ta yi saɓa take girma. Ƙarama kan yi bayan ƴan watanni, babba kamar sau ɗaya a shekara. Alamar ita ce ta daina ci, ta toshe bakin ramin da yana da ƙasa. Tana iya yin wata ɗaya ko biyu a rufe. A nan ne sabon mai kiwo ke kasa haƙuri ya ce ta mutu, ya ɗauko cokali ya tona. Kar ka tona. Ka ci gaba da cika kwanon ruwa da jiƙa kusurwa, kar ka jefa abinci, domin gyaren da aka bari yana iya cin ta tana cikin laushi.

A rigingine take saɓa. In ka hango ta kwance ƙafafu sama, aiki take yi, ko robar kar ka girgiza. Mai mutuwa a kife take, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki. Dalili kuwa, da matsin ruwan jiki take miƙe ƙafafunta, in ruwan ya ƙare sai su lanƙwashe ciki. In ka ga ta fara haka, ƙishi ne mafi yawan lokaci: ka tura kwanon ruwa da hantsaki har bakinta ya taɓa, wani lokaci takan farfaɗo.

Bayan saɓa fiƙoƙinta farare ne masu laushi, sai sun koma baƙi take iya kama abinci. Ka ba babba mako biyu, ƙarama mako ɗaya. Takan jefo tsohuwar fatar waje. Ka ɗauka ka jiƙa da ruwa, ka buɗe fatar cikin a hankali, ka duba tsakanin huhun gaba guda biyu: in akwai ɗan leɓe da ya ɗago, jakar ajiyar maniyyi ce, mace ce. In wurin sumul yake, namiji ne. Kuma a makonnin nan ne shuɗinta ke kai maƙura.

Idan ta cije ka

Ka fara rufe robar. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka cire zobe ko agogo kafin kumburi, ka ɗora tsumma mai sanyi, ka sha parasitamol. Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗauri da igiya, ba shafa fetur. In tsoka ta fara ɗaurewa, ko zuciya na bugawa da sauri, ko numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, a tafi asibiti nan take. Yaro, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko mai ciwon zuciya, a kai shi ko da bai nuna komai ba. Ka rubuta sunanta na kimiyya a takarda ka liƙa a jikin robar tun yau, don likita ya san da me yake aiki, kuma ka tambaye shi batun allurar tetanus.

Canjin ƙasa ba a yinsa sai dole: ta fi ƙarfin robar, ko fumfuna ta ci ƙasar, ko tururuwa sun shiga. Shiri irin na mataki na biyar za ka yi, sai dai yanzu tana da gidan da za ta kare. Ka riƙa kwashe ƙasa da dogon ludayi daga sama, kaɗan-kaɗan, kofi na ɗaya hannun, har ka iso ɗakinta, ka kifa mata. Hannunka kar ya taɓa shiga robar.

Ganinta kuwa sai dare. Bayan isha'i, in gida ya yi tsit, ka liƙa jar leda a bakin tocila, domin jan haske bai cika damunta ba, ka zo a hankali ba takalmi, ka zauna. Mafi yawan dare ƙafafu huɗu kawai za ka gani a jere a bakin rami, tana jiran abin da zai taka yanarta. Wata rana Inna ta biyo ni ta tsaya a bayana, muka yi kusan minti goma babu mai magana. Sai ga ta ta fito gaba ɗaya za ta sha ruwa, na zare jar ledar, farin haske ya sauka a ƙafafun. Inna ta ce, "Ikon Allah, wa ya rina ta?" Kafin ta rufe baki ta koma rami, ba mu ƙara ganinta ba sai bayan kwana goma sha ɗaya.